Ƙamshin Jan Sabulu

Jikana Sani ya zo Kusada jiya, ido na kan waya. Wai aikinshi bin abin da mutane ke faɗi a Facebook kan sabulun kamfaninsu.

Ya ce, "Tsohuwa, za mu canza ƙamshin jan sabulun nan, ba mai zancenshi."

Na ce, "Kai maigida marar cefane, masu son shi suna bakin rijiya, ina suka ga waya?"

Da shi nake wanke rigunan kakanshi. Har yau in na yi shanya iska ta kaɗa, sai in ji kamar marigayi Malam ya dawo gona yana sallama.

To ga zancena a Facebook ɗin, a ƙirga. Ku ma masu son sabulun ku tanka, kar yaron nan ya sa ni takaba sau biyu.