Kumfar da na bari a gilashin Yaya

Aikina liƙa gilashin kariya a fuskar salula, a wata 'yar butik kusa da otogar, tashar motar Dogon Dutsi. Ankasabil muke ce masa. Tun da na bar lise, wato sakandare, nake wannan aiki, kuma duk layin an san ni da abu ɗaya: ba na barin kumfa. In goge, in ɗora, in bi da kati, a ba ni wuri.

Yayana kuwa a wata masana'anta yake aiki a Faransa. Da ya fara neman wata malamar lakkol, wato makarantar boko, 'yar Dumega, hotonsa ya jawo masa magana. Ya aiko shi cikin farar riga tun daga kai har ƙafa, ido kawai a waje, ya rubuta cewa wuni suke yi suna faɗa da ƙura. Kawun yarinyar, wani Alhaji mai sayar da hatsi wanda aurenta ke hannunsa, ya dubi hoton ya yanke hukunci: shara yaron nan yake yi yana ɓoyewa. Ya ce shara ba abin kunya ba ce, amma shi ba ya ba maƙaryaci ɗiya. Ba aure sai ya ga sana'ar da idonsa.

Shi ya sa Yaya ya zo hutu da wani ɗan gilashi, faɗinsa kamar kwalin ashana, wanda aka ware saboda ɗan aibi aka bar masa. Ya zaunar da ni yana bayani. Wai suna shafa wa gilashi wani abu kamar ƙaro, su danna masa hatimi mai layuka, su busar da haske. Layukan sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Su ne ke karkato haske zuwa cikin ido, in an sa gilashin a tabarau, har mai sanye da shi ya ga rubutu yana shawagi a kan hanya. Ya juya shi a rana, sai ga bakan gizo kwance a kai. Na ce ya yi kyau. Ya ci gaba da bayani. Na ce na ji, Yaya, na ji.

Ran da za mu Dumega, da hantsi, ya bar mini akwatin gilashin ya tafi aski. Na buɗe. Gilashi tsirara, babu kariya ko ɗaya, ga hanyar da ramukanta ke zubar da haƙori. Ni da nake ganin kukan masu fasasshiyar salula kullum? Na ɗauko ankasabil mai taushi, na leda, na yanka daidai, na ɗora. Ina cikin bi da kati mai motar da za ta kai mu ya hau danna oda, na rufe akwatin na fito.

A ƙarƙashin rumfar Alhaji aka shimfiɗa mana tabarma. Bayan an sha fura, Yaya ya fito da akwatin kamar mai ɗauke da ƙwai, ya miƙa gilashin cikin rana. Ya juya dama. Ya juya hagu. Babu komai. Gilashi kamar na taga.

"To, ɗana," in ji Alhaji, "mi ya kamata in gani?"

Yaya ya kawo shi kusa da ido, ya ga gefen ledar. Ya juyo a hankali.

"Auta. Mi kika yi?"

"Kariya na sa masa. Ko na gode babu?"

"Gam ɗinki ya cike layukan! Ya shafe su duka!"

"To ka ce mini layukan na tsoron gam?"

"Awa guda ina faɗa miki, kina cewa kin ji!"

Alhaji ya tura hularsa baya, ya ce mu ci gaba, shi bai gaji ba. Amma na ga hannunsa ya fara laluben takalmi, kuma na ga fuskar Yaya. Ban taɓa ganin ta haka ba. Na fizge gilashin don in ɓare ledar, ya ce kar in soma, da layukan za ta tashi. Ina riƙe da shi haka a karkace, sai wani abu ya ƙyalla a kusurwa.

Kumfa ce. Ni, kumfa! Girman ƙwayar wake, saboda gaggawar mai mota. A nan gam bai taɓa gilashin ba, kuma a cikinta ja da kore da shuɗi suna wasa.

"Baba, duba nan," na ce, na dangwara masa a hannu.

Ya rufe ido ɗaya. Ya karkata shi, launin ya sauya. Ya goga da babban yatsa, launin bai gogu ba. Ya daɗe yana juyawa.

"Wanga ba fenti ba ne?"

"Layuka ne, Baba," in ji Yaya. Ya sake ɗauko bayanin daga farko, kuma Alhaji ya saurara har ƙarshe, abin da ni ban iya ba.

"To na yarda ba shara kake yi ba," ya ce. "Amma da ƙanwarka ta iya aikinta sosai, da ka koma Faransa gwauro. Ku turo manya."

Bayan mako guda Alhaji ya shigo butik da salularsa, ya ce in sa masa ankasabil, in bar masa kumfa a kusurwa. Na ce tasa ba za ta yi launi ba. Ya ce in dai bari. Na bari, amma na roƙe shi kar ya faɗi inda aka liƙa masa.