Ƙusar da Ke Cikin Tiyo

Bappa, ƙanen mahaifina, bakanike ne a unguwar Jambutu ta Jimeta, kuma a zamanin motoci masu kafireta babu wanda ya kama ƙafarsa. Daga bakin titi ma in ya ji kukan mota zai gaya maka abin da ke damunta. Sai motocin Kwatano masu injekta suka fara cika Jimeta, aiki ya soma ja masa da baya. Sauran makanikai sun samo dabararsu. In mota mai injekta ta yi gardama, sai a kwashe kayan kanta a ɗora mata kafireta. In kuwa wani siririn tiyo ne ba a san inda ya dosa ba, sai a soka masa ƙusa a huta. Bappa ya ƙi yin haka, ya ce wanda ya ƙera motar ba mahaukaci ba ne. To amma shi ma bai gane kanta ba, don haka duk wanda ya kawo irinta sai ya ce masa ya ƙara gaba.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare, ina zaune a Rumde. Na sayi tsohuwar mota, ita ma mai injekta, don in huta da tsayuwa bakin titi cikin ranar Yola. Kai, motar nan ta gasa mini aya a hannu! Mai take sha ba ƙaƙƙautawa, ga baƙin hayaƙi da take fesarwa ta salansa. In na tsaya a mararraba sai ta kama makyarkyata, ɗaliban da nake yi wa faɗa a aji suna wucewa suna ƙunshe dariya.

Wata Asabar na je gaishe da Bappa, na tarar da shi shi kaɗai a kan benci, gareji wayam. Bayan mun gaisa ya ce mini da damina ta faɗi zai rufe wurin ya koma gonarsa ta Damare.

Na ce, "Bappa, kai da ko fartanya ba ka iya riƙewa ba?"

Ya ce, "Zan koya. Ba na cin abinci da abin da ban gane ba."

Raina ya sosu ƙwarai. Na san ba gajiya ce za ta kore shi ba, kunya ce. Sai na ce ya buɗe tawa motar ya yi duk abin da ya ga dama da ita, in ma ta lalace ai ta gida ce.

Ya ce, "To, Malam." Haka yake kirana in yana son tsokana. "Amma in ta gagare ni, kada ka ƙara yi mini maganar zama."

Ya ɗaga bonet, ya ce in tayar da ita. Bai taɓa sifana ba. Da yatsa yake bin siraran tiyon nan na roba, daga inda kowanne ya fito zuwa inda ya shiga, gumi na ɗiga daga gemunsa. Can ya tsaya a kan wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin gwangwanin tumatir, a ƙarshen bututun da ke raba wa injekta mai. Tiyon da ke kansa yana reto, da ƙusa a bakinsa. A jikin injin ma an toshe inda aka zare shi. Waɗanda suka riƙe motar kafin ni su ne suka yi wannan aikin.

Ya buɗe na jikin injin, ya ɗora babban yatsa a kai. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Zo ka ji. Sa hannunka nan."

Na sa, na ji abin yana tsotsar yatsana kamar ɗan maraƙi. Ya finciki totur, nan take tsotson ya saki. Ya sake shi, tsotson ya dawo.

Ya ce, "Ashe! Ai na san wannan. Akwai ɗan'uwansa a jikin distirbuta ta tsofaffin motoci."

Ya kashe injin, ya cire ƙusar, ya sa tiyon a baki ya zuƙa, sannan ya toshe bakin da harshe. Haka makanikai suke gwadawa tun da can: in robar da ke cikin gwangwanin lafiya take, tiyon zai kama harshenka ya riƙe. Wannan bai riƙe ba. Bappa ya tofar da yawu, ya ce fetur ya ji, a wurin da iska kaɗai ya kamata ta bi.

A nan ya warware mini, yana yi yana ƙara fahimta shi ma. Gwangwanin nan bawul ne. In mota na tsaye injin na zuƙa da ƙarfi, sai zuƙar ta ja robar, bawul ya buɗe, rarar mai ta koma tanki. In ka taka totur zuƙar ta ragu, sai ya matse, mai ya je da ƙarfi. Robar ta yage, mai ya fara bin tiyo, aka toshe shi da ƙusa. Tun daga ranar motar ba ta san tsaye take ko gudu take ba, ɗura mata kawai ake yi.

Muka tafi wurin abokinsa mai sayar da tsofaffin kayan mota, wani Babarbare da suka shekara suna wasan Fulani da Barebari. Ya zube mana irin bawul ɗin a ƙasa. Bappa ya tsuguna, ya riƙa sa wa kowanne tiyo yana zuƙa yana tofarwa.

Babarbaren ya ce, "Jama'a ku zo ku gani! Bafulatani ya rasa nono ya koma tsotsar ƙarfe. Ka koma wa shanu mana!"

Bappa bai kula shi ba, sai da ɗaya ya kama masa harshe tsam. Ya ɗago kai, tiyo na maƙale a bakinsa da bawul yana lilo, ya nuna wa mutumin da yatsa. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Da muka koma ya ɗaura, ya mayar da tiyon mazauninsa, ya wanke fulogi. Na murza makulli. Motar ta ɗan yi tari, hayaƙin ya washe, sai ta kwanta luf, ko sitiyari ba ya motsi. Daɗi ya kama ni. Bappa ya tsaya da kunne a karkace yana saurare, yana kurkure baki da ruwan buta. Ban tambaye shi zancen Damare ba, tsoro nake ji.

Na shiga mota zan tafi ke nan ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Malaman makarantarku akwai masu irin wannan?"

Na ce suna da yawa.

Ya ce, "Ka ce su kawo. Amma ɗaya bayan ɗaya, baki ɗaya gare ni."

Da damina ta faɗi, sai ya ba da gonar haya.