Ranar da Ƙarshen Fim Ya Wuce Nguru

A Fagge har yau ana cewa wai taubashina Ari ya taɓa shiga cikin bangon sinima, ya mari wani Bature, ya fito da hularsa. Ƙarya ce. Ari ko akuya bai taɓa mari ba, ita ce ma ta taɓa korarsa har Kwaciri.

Ari ɗan kawuna ne, iyayenmu daga Borno suka zo. A 1956 aikinsa ɗauko gwangwanayen fim a keke daga tashar jirgin ƙasa zuwa wata sinima a Sabon Gari. Turancinsa a bakin ma'aikatan tasha ya tsince shi. Manajan sinimar, Augustine, ya ara masa wani littafin Turanci, ya yi damina guda yana fama da shi kamar mai cin ganda.

To, ran nan aka kawo fim na wani gari da aka kafa wa wani ido na ƙarfe a kan hasumiya, yana ganin kowa har cikin ɗaka. Ari ya tsaya surutu a tasha, gwangwanin ƙarshe ya wuce Nguru a jirgi. Ba a gane ba sai da jarumin ya fara hawan hasumiyar, bango ya yi fari fat. Jama'a suka miƙe. Ni kaina na ɗaga benci, don taya 'yan'uwa.

Augustine ya ce, "Ari, in benci ɗaya ya karye, ka ajiye min kekena ka tafi." Ga shi Bintu matar Ari na da tsohon ciki.

Sai ga Ari a gaban bango, ƙafa na rawa. Ya ce, "Jama'a, na karanta littafin wani gari irin wannan, har ya fi shi muni!"

Wani mahauci ya ce, "Malam, mu hoto muka biya!"

Ari ya ce, "Baba, saurara. A fim ƙarfe ke kallon mutane. A littafin ba ido, ba hasumiya. Maƙwabcinka ne zai je kowace safiya ya faɗa wa hukuma abin da ka ce, kai ma ka faɗi nasa. Ƙarfe ka jefe shi da dutse. Wanda kuke cin tuwo tare fa?"

Na ga mutane suna satar kallon na kusa da su. Ya gaya musu yadda mutumin littafin ya ƙare, shi kaɗai, ba mai amsa masa sallama. Mahaucin nan har da share ido.

"Na fim ɗin fa?" in ji wani daga baya.

Ari bai sani ba, wallahi. Amma ya buɗe baki ya ce ai jarumin bai kai sama ba, matan garin ne suka hau suka shanya wanki a kan idon, zani bisa zani, hukuma ta wayi gari ba ta ganin komai sai atamfa.

Ihu har Legas! Aka ɗaga shi sama, ba benci ko ɗaya da ya karye. Da gwangwanin ya dawo aka nuna na gaskiyar, inda sojoji suka fasa hasumiya da igwa, mutane suka ce a kashe, a kira Ari. Augustine ya bar masa keken, ya ƙara masa da kujera a gaban bango.

Jiya na same shi yana wa ɗansa wasa, na ce, "Ranka ya daɗe, sarkin ɓatar da gwangwani! Na gaya wa duk Fagge yadda gwiwarka ta riƙa kaɗawa."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Na sani. Da hukumar garin fim ɗin nan ta same ka, da ba ta wahalar da kanta gina hasumiya ba."