Wata Guda Ina Shan Maganin Maigida

Shekara huɗu da aurena ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. A ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da Sinnar, irin wannan ba damuwar mutum ɗaya ba ce, aikin gayya ne. Duk matar da ta zauna shan jabana, wato kofi, a rumfarmu sai ta bar mini magani kafin ta tashi. Na sha kunun hulba har zufata ta koma warinta.

Shugabar gayyar ita ce Inna, uwar mijina. Duk wata sai ta leƙo ɗakina: "Ɗiyata, kina sallah?" In na ce a'a, ta ja dogon numfashi ta koma. Wallahi wannan numfashin ya fi zagi ciwo.

Da ƙyar na ja maigida muka je wurin wata likita a Madani. Aka auna ni, aka auna shi. Ta ce ni lafiyata ƙalau, ko maganin sa ƙwai ba na bukata, 'yan ƙananan ƙwayoyin folik kawai zan riƙa sha. Shi kuwa ta rubuta masa manyan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, na ƙarfafa iri, har wata uku. Mutumin da ke tsayawa a hawasharsa, wato gonarsa, yana koya wa maƙwabta zaɓen irin dawa, tun daga Madani har gida kansa a sunkuye yake.

A ƙofar gida ya ce, "Saka a gwangwaninki. Kada Inna ta gani."

Kwana biyu Inna ta gani. Ba ta karatu, amma ba ta rasa hukunci. Ta ɗaga ƙaramar, ta ɗaga babbar.

"Wannan mitsitsiyar me za ta tsinana? Ga mai aikin nan kina ɓoyewa!"

Daga ranar, kullum da safe tana tsaye a kaina da moɗar ruwa har sai na haɗiye babbar na buɗe mata baki ta duba. Na kira likita a ɓoye. Ta yi dariya har da tari, ta ce bitamin ne, ba zai cuce ni ba, amma daga cikina ba zai yi wa maigida aiki ba. Shi kuwa gogan, sai ya saci tasa ya je bakin tur'a, inda ruwa ke shiga gona, ya haɗiye yana waige-waige kamar ɓarawon akuya.

Na rufa masa asiri wata guda cur. Ina son sa, ba na ɓoyewa. Amma ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi.

Sai wata ya zagayo, abin ya sake zuwa. Da safe Inna ta yi tambayarta, na ce a'a. Wannan karon ba ta koma ba. Ta zazzago ƙwaya biyu a tafina.

"Yau biyu za ki sha. Ɗana ba ya da laifin da zai tsufa ba magaji."

Maigida na zaune bakin gado a tsakar gida yana sa takalmi. Kallonsa kawai na yi, hawaye na zuba. Takalmi ɗaya a ƙafa ya taso, ya kwashe ƙwayoyin daga hannuna, ya karɓi moɗar daga hannun uwarsa.

"Nawa ne, Inna. Ni aka rubuta wa. Ita lafiyarta lau."

Ya haɗiye ɗaya, har da ƙwarewa. Inna ta tsaya kamar an dasa ta. Can ta sunkuya ta ɗauki kwanon kunun hulbar da ta dama mini, ta dangwara masa a gaba.

"Ba a shan magani da cikin wofi. Shanye, ka buɗe baki in gani."

Ni kuwa, sai ta kama bakin mayafinta ta share mini fuska, ta daɗe tana sharewa. Daga ranar ba ta sake tambayata ko ina sallah ba.