Kujerar Bayan Labule

Shagonta yana daura da ƙofar makarantar firamare, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da katin waya. Kwamfuta ɗaya ce a ciki, da injin kwafi da sai ya yi tari kafin ya tashi, da bencin masu jira. Takardar neman aiki, katin gayyata, wasiƙar koke, duk ta hannunta suke bi. Amma ba mai ce mata mai buga takardu. Anti Mai Raɗa ake ce mata, har jikokinta.

Duk ƙarshen zangon karatu mutanen unguwa kan yi ranar wasanni a filin makarantar. A rataye zanen yara a igiya kamar shanya, 'yan mata su yi waƙa, a rufe da wasan kwaikwayo bayan la'asar. Shekara goma sha huɗu da suka wuce aka fara kawo mata labarin wasan ta buga, kafin ta gama gyara kurakurai ta haddace shi. Darakta, wanda a sauran ranaku mai walda ne, ya ce to ta zauna bayan labule, duk wanda ya manta maganarsa ta raɗa masa. Tun ranar wata kujerar roba mai karyayyen hannu ta zama tata.

Bana kunnenta na hagu ya toshe ɗungurungum, na dama kuma sai an matso. Ba wanda ya sani sai babbar 'yarta.

"Mama, ki gaya wa Darakta mana."

"In gaya masa ya ɗauko ɗaya cikin masu danne-dannen wayar nan ya ɗora min a kujera?"

"To in kika bar mutum tsaye gaban jama'a baki buɗe fa?"

"Ke dai miƙo min tabarau."

A wajen gwaji asirinta bai tonu ba, don ba a rataya labule, wanda ya manta yakan juyo ya kalle ta. A nan ta lura kowa da yadda ƙafarsa ke yi idan magana ta ɓace masa. Malamar aji uku ɗaga diddige take yi. Mai kemis yakan ja baya taku ɗaya. Mahauci, wanda zai fito a alƙali, sosa ƙwaurin hagu yake yi da ƙafar dama. Ta ɗauki jan biro ta bi takardun, tana rubuta inda kowa ke tsayawa a kowane layi. Ana jibi wasa ta kai wa tela labulen, ta ce ya ɗage shi daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu biyu.

"Anti, ai za a ga ƙafafunki."

"Wa ya zo kallon ƙafafuna? Ɗinka kawai."

Ranar wasa filin ya cika maƙil, har kan katanga akwai mutane. Ta zauna ta sunkuya, takardu a cinya, ido a ƙasan labule. Muryoyin 'yan wasa suna zuwar mata kamar hirar maƙwabta ta bayan bango. Takalma take bi, yatsanta yana tafiya a kan layi. Diddigen malama ya ɗagu sau ɗaya, ta raɗa mata, aka wuce lafiya.

Sai aka zo kotu. An gurfanar da wani mai zuba shara a kwata, saura alƙali ya yanke hukunci. Takalman Mahauci suka zo gaban tebur suka tsaya, sai ƙafar dama ta hau ƙwaurin hagu. Ta raɗa masa. Susa ta ci gaba. Ta sake, shiru. Wanda ba ya jin muryarsa ba ya sanin awonta, don haka da ta ɗaga, sai ta ɗaga gaba ɗaya.

"Kotu ta yanke maka yashe kwata wata uku!"

Har masu kan katanga sun ji. Dariyar da ta biyo baya kuwa, ko toshasshen kunnen sai da ya san an yi ta. Daga baya 'yarta ta ba ta labari cewa Mahauci ya juya ya rusuna wa labulen, ya ce, "Godiya nake, ranki ya daɗe. Jama'a kun ji daga sama, ni ɗan aike ne."

Aka watse tana nan zaune, zufa ta jiƙa mata mayafi. Da ta ga takalman Darakta sun nufo ta, ta miƙe ta riga shi magana.

"Kada ka wahalar da bakinka. Kunne ne. Wata biyar ke nan."

Ya dube ta. "To da me kika bi wasan tun farko?"

Ta nuna masa ƙasan labule da jan biron da ke jikin takardu. Ya karɓa yana buɗawa shafi-shafi. Mahauci ya leƙo da rigar alƙali a kafaɗa, ya ɗaga murya yadda ya saba a rumfa.

"Anti kin yi gaggawa. Ni ban manta ba, numfashi nake ja don abin ya ratsa mutane."

"Da ƙwauri kake jan numfashin?"

Darakta ya miƙa mata takardun, ya sunkuya yana naɗe wayar lasifika, ya faɗi wata magana. Ta gefen hagu yake. Ta ga leɓensa ya motsa, ta ga 'yarta, da ta shigo bayan labulen, ta rufe baki da hannu, amma ba ta ji komai ba.

"Me ka ce?"

Ya ajiye wayar, ya zagayo ta damanta, ya matso.

"Na ce baɗi ma ke ce. Wa zan samu da zai zauna yana karatun ƙafar Mahauci? Amma ki je a duba kunnen nan, Anti, kafin ki yanke wa unguwa duka hukunci."

Ta koma ta zauna. Ta daɗe tana fifita da takardun kafin ta dubi 'yarta.

"Litinin ki raka ni wajen likitan da kike ta damuna da shi. Da sassafe fa, da rana ina da aiki."