Sunan da Uwata Ta Raɗa Mini

Shekarar da aka yi zafin nan a Faransa, wanda tsofaffi suka yi ta mutuwa a ɗakunansu, ina zaune a Aubervilliers, gefen birnin Paris, ina aikin sauke kaya a manyan ɗakunan ajiya. Sunana Bawa, mutumin Damagaram. 'Ya'ya uku uwata ta binne kafin ni, shi ya sa ta raɗa mini wannan suna don mutuwa ta raina ni ta wuce. Amma ni ba bawan kowa ba ne, ɗa ne ni, jikan 'ya'ya.

Ranar Talata ce. Na yi asuba, na dafa shayi, na zauna ina rubuta wa ƙanena wasiƙa da ajami. Taga a buɗe take, ba iska.

Ƙarfe bakwai da minti goma na ji sawun mutane a matakala. Suka tsaya a ƙofata. Aka ƙwanƙwasa sau uku. Na buɗe. Maza uku ne, ban san ko ɗaya ba. Na gaba ya tambaya da Hausa:

"Kai ne bawa?"

Na ce ni ne. Gaskiya na faɗa.

Sandar ƙarfe ta sauka a kunnena na hagu. Na ji ƙara kamar ta jirgi. "Kama shi! Ɗaure hannun!" Ɗaya ya fito da igiya. Butar shayi na kusa da ƙafata, na watsa musu. Na bi ta tsakaninsu.

Ba takalmi, ba takardu. Kwalta ta riga ta ɗau zafi. Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, jini na bin wuyan rigata, mutane na kau da kai. Duk tashar da ƙofa ta buɗe sai in runtse ido ina hasbunallahu. Mutum ɗaya na tuna, Malam Habu, abokin karatuna da ke Lyon. Ƙarfe tara na faɗa jirgin Lyon ba tikiti, na kulle kaina a makewayi. Sau biyu aka bubbuga ƙofar. Ban amsa ba.

Goma sha ɗaya ta wuce muka isa. 'Yan sanda biyu na jira a bakin jirgin. "Tsaya! Hannu a bango!" Suka tambayi sunana, na faɗa. Ɗaya ya yi magana a rediyonsa, ya jira, ya dube ni. Na ji ankwa ta ce ƙyas.

Sai a gidan kaso na fahimci abin da ya faru. Wata lauya aka ba ni, Hadiza, haifaffiyar Lyon, iyayenta mutanen Tawa. Hausarta rabi Faransanci ce, Baba take ce mini. Ita ta karanta mini takardun. Wani attajirin ƙasarmu ya zo Paris da mutumin da ya ce ya gada wurin ubansa, yana masa aiki ba lada. Mutumin ya gudu. Attajirin ya kai ƙara cewa an yi masa sata, kuma wurin suna ya ba da abin da yake kiransa da shi a gida: bawa. Turawa suka ɗauka suna ne. Ya kuma aika mutanensa unguwar Barbès, matattarar baƙi, suna tambayar inda bawan nan ke kwana. Wani ya kwatanta musu ƙofata.

Hadiza ta nemi a sake ni. Alƙali ya ƙi, don ba ni da takarda ko ɗaya. Mutanen nan sun kwashe ɗakina. Ta nemi a kawo attajirin ya dube ni. Ya aiko cewa ba shi da lafiya. Ta kawo Malam Habu ya bayyana ma'anar kalmar. Aka ce aboki ne, zai faɗi komai.

Kowace safiya ƙarfe bakwai makullai ke kaɗawa a baranda. Kowace safiya sai in yi zaton yau za a miƙa ni ga masu igiya. Hadiza ta ce a nan ba a yin haka. Na ji ta, amma jikina bai yarda ba.

Rana ta arba'in da shida aka sake kai ni gaban alƙali. Wani siririn mutum mai furfura na zaune kusa da Hadiza. Labarina ya iske shi a wani masallaci inda yake ɓoye. Shi ma ba shi da takarda, ya san ana iya riƙe shi. Ya miƙe. Ya ce sunansa Ilyasu, shi ake nema, bai ɗauki komai ba sai rigar jikinsa.

Ƙarfe huɗu aka buɗe mini ƙofa. Attajirin ya riga ya hau jirgi. Ɗakina an ba wani, aikina ma haka.

Ilyasu na tsaye a bakin titi. Ya zo gefena na hagu yana magana, kansa a ƙasa. Ina ganin leɓensa na motsi. Na ce masa ya zagayo ta dama.

Ya zagayo. Ya ce, "Malam, dukana ka sha."

Na ce, "Ka fito da ni. Mun rabu lafiya."

Ta hagu ban ƙara jin komai ba har yau.