Ramin da Inna ta liƙe da ƙullu

A rana ta tara wutar ta dawo shuɗiya.

A unguwar Jarwal ne, a Makka, cikin shekarun sittin, lokacin da butagaz, wato murhun gas, ya fara shiga gidajenmu. Na saya wa mahaifiyata ɗaya don wainar da take sayar wa alhazai. Sai wutar ta yi rauni, ta koma ja, tana baƙanta tanda.

Na yanke hukunci cewa Baba Salihu, maƙwabcinmu mai kawo gas, tukunya rabi ya ba mu. Na kira shi da niyyar faɗa masa haka, ko da zumuncin shekara ashirin zai lalace.

Kafin in buɗe baki ya jinjina tukunyar, ya ce cike take. Ya kife murhun. Ƙaramin ramin da ke ƙarƙashin kan wutar a liƙe yake da busasshen ƙullu.

Ya dubi Inna ya ce, "Ya Hajja, wa ya toshe nan?"

"Ni ce. Rami a jikin abin gas? In bar shi ya kashe mini jikoki?"

"Ta nan yake shan iska. Ke in aka toshe miki hanci, kya iya suya?"

"Tsaf! Da mura ma na soya."

Ya kankare ƙullun da wuƙa, ya kunna. Na haɗiye maganata, na zuba masa shayi.

Tun ranar nake duba murhu kafin in zargi mutum. Ku wane kuskure aka yi a gidanku da gas ya zo?

Ƙanwata ta ce murhun yana nan a gidanta na unguwar Utaibiyya. Ban je na gani ba tukuna.